Kuben Jar Fata

Kwanakin baya wani saje ya tsaya a rumfata ta gyaran takalma, ya ce an gaya masa na iya ɗinka kuben ƙaramar bindiga. Wai yana son mai laushi, wanda ba ya cin jiki, mai ƙarko, wanda zai kwanta a ƙarƙashin riga ba wanda ya sani. Na ce wanda ya gaya masa ƙarya ya yi. Ya ce zai biya da kyau. Na ce ya ƙara gaba. Ya tafi yana cewa tsohon nan ba shi da mutunci.

Ban tsufa ba. Abin da na gani ne ya tsofar da ni. Kuma na iya ɗinkin. Sau ɗaya na yi shi a rayuwata, a Madina, ya yi kyau fiye da kima, saura ƙiris ya kai ni filin da ake sare kai.

Sunana Garba. Ubana baduku ne a Kano. An sa ni makarantar boko ban gama ba, na dawo ina koyon dukanci, shi ma ban gama ba tsoho ya rasu. Komai nawa rabi ne, karatu rabi, sana'a rabi. Mai rabi kuwa shi ya fi saurin yarda da dillali.

A Jidda na fara gane haka. Dillalin da ya kawo mu, wani mai haƙorin Makka da ake kira Alhaji Tanko, ya rantse mini tun a gida cewa shagon takalma zai kai ni a Madina, kusa da Harami, har in na ɗaga kai daga ɗinki sai in ga koriyar ƙubba. Muna sauka ya karɓe fasfunanmu, ya jibge mu a saman soron wani gida kamar buhunan gawayi. Rana ta gasa mu a sama, siminti ya gasa mu a ƙasa. Kullum sai a zo a ɗauki mutum biyu ko uku, ba sa dawowa, ba kuma wanda yake gaya mana inda aka kai su. Ni dai ina rungume da jakata. Ba komai a ciki sai kaya kala biyu da wata jar fatar akuya da uwata ta ciro daga ragowar kayan tsoho, ta ce in nuna wa Larabawa su san daga gidan da na fito.

Rannan aka kira ni ƙasa. Wani Balarabe siriri mai gajeren gemu yana jingine da farar motar ɗaukar kaya, irin wadda suke kira wanit. Ya dubi hannuwana, ya dubi ƙafafuna, bai dubi fuskata ba. Alhaji Tanko ya miƙa masa fasfona, ya ce mini, "Ga kafilinka, Abu Nasir. Ka bi shi sau da ƙafa."

Na ce, "Alhaji, shi ne mai shagon takalman?"

Ya ce, "Hau mota, malam. In ka je ka gani."

Na gani kuwa. Awali aka kai ni, can kudu maso gabas da Madina, inda gonakin dabino suke cikin dogayen katangu. Ɗakina yana manne da injin ban ruwa, in ya tashi har haƙorana suna kaɗawa. Aikina hawa dabino, karkata ruwa daga wannan kwari zuwa wancan, kwashe kashin tumaki, loda buhuna. Abu Nasir ya duba fasfo ya ga Abubakar, ya ce sunan ya yi masa tsawo, ya mai da ni Bakur. Da na fara tsintar Larabci na tambaye shi zancen shago. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya nuna tsofaffin silifas ɗinsa ya ce ga shagon nan, in fara da su.

Salla a wani ɗan masallaci muke yi a bakin hanya. Harami kuwa, in na roƙe shi ya bar ni in je, sai ya ce bukra, wato gobe. Goben nan ta shafe watanni ba ta zo ba. Ina cikin garin Manzo, amma kamar ina wata duniya.

Duk wannan da sauƙi. Wahala ce, kuma na san wahala tun daga gida. Tsoro ne ban sani ba, sai da rigimar rijiya ta taso.

Abu Nasir yana jayayya da 'ya'yan baffansa a kan wata rijiya da ke iyakar gonakinsu. Wata rana suka shigo su da yawa ana ta ɗaga murya, ɗaya ya zare wuƙa, da ƙyar dattawa suka raba. Shekarar kuma ita ce aka yi fitinar nan a Haramin Makka, da 'yan bindiga suka mamaye masallacin. Gari ya ɗauki zafi. Ko'ina shinge, ko'ina askarawa, ana tsayar da mota a zazzage ta har ƙarƙashin kujera. Ma'aikatan maƙwabta suna raɗa mana abin da ake yi wa wanda aka samu da makami, musamman baƙo. Ba wanda ya gani da idonsa, amma kowa ya san wani da ya san wani.

Da la'asar ɗin wata rana ya kira ni gindin dabino inda yake shan gahawa.

"Bakur, ta'al."

Na zo na tsuguna. Ya ɗaga gefen darduma. Bindiga ce libarba, baƙa, gajera, mai nauyin ido. Ban taɓa ganin irinta kusa haka ba.

Ya yi mini bayani a hankali, da hannu da baki, don kada in ce ban fahimta ba. Ba ta da takarda. Ba zai fita ba ita ba saboda 'yan uwansa. Ba kuma zai sa ta a jikinsa ko a mota ba saboda shinge. Amma ya lura, in an tsayar da mu, shi ake lalubewa, a bincike gaban mota. Baƙin lebura da ke zaune a baya cikin buhuna, igamarsa kawai ake tambaya, takardar zama.

Ya ce, "Daga yau kai ne aljihuna. In na miƙo hannu, ka sa mini ita a ciki."

Na ce, "In aka kama ni fa, ya ammi?" Haka nake kiransa, wato baffa.

Bai ko yi ƙoƙarin yi mini ƙarya ba. Ya kurɓi gahawa ya ce, "In an kama ka, Takruni ne, baƙon Afirka, ya shigo da ita daga ƙasarsu. Ni ina na sani?"

Na ce ba zan iya ba. Ya ce to, sai ya kai rahoto cewa na gudu na yi masa sata, mu ga wanda za a yarda da shi. Fasfona yana akwatinsa. Na sa hannu biyu na ɗauka. Sanyinta ya shige ni har ciki.

Da farko a tsumma na naɗe ta na ɗaure a mazagin wando. Wanda bai ɗauki abin nan ba ba zai gane ba. A hannu ba ta da wani nauyi, amma a ƙugu, bayan an yi tafiya, sai ta zama dutse. Tana jan wando ƙasa, tana dukan cinya, tana juyawa bakinta ya kalli inda bai kamata ba. A kasuwar kayan lambu ina sauke buhu sai na ji ƙullin ya saki. Ta sulale ta cikin ƙafar wando, tana bin fatata kamar maciji, ta tsaya a idon sawu inda wandon ya tsuke. Ga ɗan sanda can yana sayen tumatir. Na durƙushe a wurin na riƙe ciki. Wani Bayamane mai rumfa, bawan Allah, ya zaci murɗa ce, ya kawo mini shayi da na'ana'a, ya tsaya a kaina sai na shanye. Na sha ina tsugune, ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

Da na gaya wa Abu Nasir, sai ya zage ni, ya shiga gida ya wurgo mini wani tsohon kube na ubansa. Kirgi ne, fatar saniya, ya bushe ya zama katako. An yi shi don a rataya a ɗamara a bisa riga, kowa ya gani, ba don a ɓoye ba. Na ɗaura shi a ciki da igiya. Ya turo riga kamar na saci burodi. Bakinsa ya yanke mini ƙugu, zufa ta shiga, wurin ya kumbura ya fara ruwa. Mafi muni, yana kuka. In na yi ruku'u sai ya ce ƙiiit, in na ɗago ya sake. A sahu nake ji kamar duk masallacin ni ake saurare. Na koma tsayawa a ƙarshen sahu, jikin bango, ina tari duk lokacin da zan sunkuya. Ɗinkinsa ma ya ruɓe, kullum sai wani wuri ya ɓalle.

Na daina barcin kirki. Na rame. In mota ta rage gudu, ko don rami ne, sai in ce shinge ne. A nan na ce wa kaina, tunda ba zan iya ajiye masifar nan ba, gara in yi mata gida da hannuna. Fata ina da ita. Basilla da zare da kaki ne babu.

Allah ya kawo hanya ta unguwar Sih. An aike ni kai dabino gidan 'yar uwar Abu Nasir. Ina dawowa ta wani lungu sai na ji an ce, "Ke dai kyanwar nan Allah wadaran halinki, tashi mini daga kan fata!"

Na tsaya cak. Rabona da jin Hausa tun saman soron Jidda. Wani baƙin tsoho ne a ƙofar ɗan shago, da takalmi a cinya, da tabarau ɗaure da zare. Na yi sallama.

Ya ɗago ya ce, "Wa alaikumus salam. Kai kuma daga wace rijiya aka tsamo ka? Zauna, ya waladi, kafin ka faɗi."

Baba Inuwa ke nan. Mutumin Damagaram ne, iyayensa suka taho da shi a ƙafa ta Sudan tun yana goye, ya girma a nan, ya zama ɗan ƙasa. Hausarsa rabi Larabci ce. Ya leƙa cikin gida ya kira matarsa, "Ya hajja, ga wani ɗan Kano yunwa za ta kashe mana." Aka turo tuwo da miyar kuka. Na sa loma ɗaya sai hawaye. Ya juya ya ci gaba da ɗinkinsa har na gama.

Da na ce ina son basilla da zare da kakin zuma, ya ce me zan ɗinka.

Na ce, "Kuben wuƙa, Baba."

"Tayyib. Ɗan wa ne kai da za ka ɗinka kube?"

"Ubana baduku ne."

"Masha Allah, ashe ɗan gida ne." Ya dube ni ta saman tabarau. "Tun da ka shigo lungun nan nake ganin kana tafiya a karkace. Wuƙar taka akwai nauyi."

Na sunkuyar da kai. Bai matsa ba. Ya tattaro kayan, ya ƙi karɓar komai, ya ce, "Ji nan. A garin nan zufa ita ke cinye ɗinki. Ka ja zaren cikin kaki sosai, ka bi layi sau biyu. Bakin ɗinki ka juya shi waje, kada ya taɓa jikinka. Kada ka tara nauyi a wuri ɗaya, ka ba shi maɗauri mai faɗi, kafaɗa ta ɗauka. Wace fata gare ka?"

"Ta akuya, daga gida."

"Khalas, babu kamarta."

Bai tambayi launinta ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba. Da zan tafi ya ce duk ranar da Balaraben nawa ya sake ni Juma'a, in neme shi a ƙofar Harami ta Babus Salam, ta hannun dama, nan 'yan uwa suke haɗuwa.

Da tsakar rana nake ɗinkin, lokacin da Abu Nasir yake ƙailula. Na sa shi ya cire harsasan da kansa, don ni ko buɗe ta ban iya ba. Ranar da na warware fatar nan, ƙamshin bagaruwa ya bugi hancina, sai ga ni a zauren tsoho, yana zaune da allon yanka a gabansa yana yi mini tsawa in riƙe wuƙa daidai. Na daɗe da fuskata a cikinta.

Na ninka ta biyu don ƙarko. Na jiƙa ta kaɗan, na lulluɓe bindigar, na bi da yatsa ina dannawa har fatar ta ɗauki siffarta, na bar ta ta bushe a inuwa. Na tabbata ta rufe kunamar gaba ɗaya, kada wani abu ya taɓa. Na yi mata marfi da maɓallin fata irin na laya, wanda ba ya ƙara. Na yanka maɗauri mai faɗin yatsa uku ya bi ta kafaɗa kamar hamilar takobi, da wani siriri da ya zagaye ƙirji don kada ta yi lilo. Ta zauna a ƙarƙashin hammatar hagu. Gefen fatar mai santsi, mai jan nan, shi na bari a waje ta kowane ɓangare, don shi ya fi laushi a jiki.

Ba yabon kai ba, ko tsoho ya gani zai gyaɗa kai. Na sunkuya, shiru. Na hau dabino, ba ta motsa ba. Na tsaya a rana na dubi inuwata, ba tudu. Ciwon ƙugu ya warke. Lokacin sanyi ne, ina cikin wata baƙar riga mai kauri da ba a wanke ta sai an ga dama. Muka wuce shinge, muka sake wucewa, askari ya karɓi igama ya duba ya miƙo. Tsoron bai tafi ba, kwanciya ya yi. A hankali kuben ya zama kamar mazagin wandona. In na yi wanka hannuna ne yake ɗaura shi, ba ni ba.

Sai zafi ya sauko, kamar an buɗe murhu. Wata Juma'a da safe Abu Nasir ya tashi cikin fara'a, ya ce an gayyace shi cin abinci a cikin gari, zan raka shi in sauke dabino. Ya jefo mini tsohuwar farar rigarsa, ya ce kada in kunyata shi da baƙin tsumman nan. Da muka sauke kaya sai ya kaɗa hannu ya ce, "Ruh, ka je ka yi Juma'a a Harami. Ka dawo nan bayan salla."

Ban tsaya ya sake magana ba. Ko ya manta da abin da ke jikina, ko bai damu ba, har yau ban sani ba. Ni dai na manta. Wallahi na manta. Ina tafiya ina kuka kamar yaro, ga koriyar ƙubba tana ƙara girma a gabana, ina ta jera sunayen waɗanda suka ce in isar musu da gaisuwa, uwata a farko.

Na sami Baba Inuwa inda ya ce. Ya rungume ni, ya ce yau kyanwa ta yi mafarki mai kyau. Muka shiga layi, ni a gaba shi a bayana. Jama'a maƙil, an kafa ƙarafa hagu da dama, ana tafiya taku ɗaya ɗaya. A bakin ƙofa askarawa suna laluben kowa. Mutum ya ɗaga hannu, a shafa shi daga hammata har ƙasa, ya wuce. Ina kallonsu kamar abin bai shafe ni ba. Har tausayin wani tsoho na ji da aka sa ya kwance ƙunshin goronsa.

Da ya rage mutum kaɗan a gabana, sai na ɗan ɗaga hannuwa ina shiri. Maɗaurin ya ja kafaɗata.

Ban san yadda zan rubuta abin da na ji ba. Kunnuwana suka toshe. Na dubi baya, mutane sun cika har inda ido ya kai, suna turowa. Na dubi gefe, ƙarfe. Ga wani askari a tsaye a kan dakali, ba aikinsa sai kallon layi, ko wani zai juya. Bindiga a ƙofar masallacin Manzo, a shekarar nan, a jikin baƙo. Ba wanda zai tsaya jin zancen rijiya. Na ga uwata ana gaya mata. Zufa ta ɓalle mini kamar an juye tulu a kaina.

Sai na ji bakin Baba Inuwa a bayan kunnena.

"Garba. Kada ka juyo. Mene ne a hammatarka?"

Na ƙura wa ƙeyar na gabana ido.

"Wuƙar nan ce?"

Na gyaɗa kai.

"Inna lillahi." Layi ya matsa taku ɗaya. Sai ya ce, "Da jar fata ka yi shi, ɗan banza?"

Na sake gyaɗa kai, ban san me ya kawo wannan tambaya ba.

"To matse hannunka. Matse da ƙarfi, ka goga. Kada ka saki."

Na saci kallon gefena. Farar rigar nan ta yi ja tun daga hammata, jan yana bin haƙarƙarina yana sauka. Na ɗauka ta tashi ta harbe ni ban ji ba. Kafin in gama wannan tunani, tsohon nan ya ƙwala ihu da wata murya da ban san yana da ita ba.

"Dam! Dam! Jini! Ya askari, ɗana, ɗana!"

Mutane suka dare, kowa yana janye rigarsa. Askarin kan dakali ya diro. Saurayi ne, gashin bakinsa bai gama fitowa ba. Ya tsaya a gabana, har ina jin warin sigari a numfashinsa. Ya ce mene ne wannan. Baba Inuwa ya shiga zuba Larabci kamar famfo: maruru ne, ƙaton maruru a hammata, sati guda yana fama, ya hana shi fitowa ya ƙi ji, ga shi ya fashe, da jini da mugunya. Askarin ya yamutsa fuska. Ya miƙo hannu, na rufe ido. Sai na ji ƙarshen sandarsa a kafaɗata ta dama, yana tura ni gefe.

"Najasa! Za ka shiga da wannan? Barra, barra, ka je ka wanke!"

Na zaci an gama. Sai ga wani alhaji mai kirki, fari, mai jaka a hannu, ya kutso yana cewa shi likita ne, a buɗe ya gani. Har ya kama wuyan rigata. Ban taɓa tsanar alheri ba sai ranar. Baba Inuwa ya buge hannunsa, ya ce Allah ya saka, amma yaron nan ba zai tuɓe a ƙofar Manzo ba, gida kusa ne, uwarsa za ta wanke masa. Ya cire mayafin kafaɗarsa ya yafa mini, ya ɗauke ni da mari a ƙeya, mari na gaske, yana cewa, "Gaba, jaki! Ka sa na rasa Juma'a!"

Askarin da kansa ya ɗaga mana ƙarfe muka fita.

Ban san yadda muka kai Sih ba. Na tuna dai ana huɗuba a lasifika a bayanmu, titi ba kowa, ni kuma ina ta jiran a ce ku tsaya. A shago ya ja ƙofa, na tuɓe, na zauna a ƙasa. Ya zare bindigar da yatsa biyu ya tura ta ƙarƙashin tarin takalma. Kuben ya riƙe. Ya juya shi, ya ja ɗinkin, ya gwada maɓallin.

Ya ce, "Hannunka yana da kyau, kanka ne babu komai."

Ya lashi yatsa ya goga a fatar, ya nuna mini. Ja wur.

"Karan dafi. An rina ta, amma ba a ɗauraye ta da ruwan tsami ba, ba a goge ta ba. Rinin bai zauna ba. Wa ya yi ta?"

"Ubana. Tana cikin na ƙarshe da ya taɓa. Rasuwa ta riske shi."

Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Da ya gama aikinsa, da yanzu kana hannu."

A nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa.

Na ce zan jefa bindigar a rijiya. Baba Inuwa ya ce kul, Abu Nasir zai ce na sace. In mayar masa hannu da hannu, in ce na gama, duk abin da zai yi ya yi. Ya ba ni rigarsa mai ruwan toka, hajja ta naɗe mini kayan a cikin ƙunshin burodi. Haka na koma, na sha zagi a kan jinkiri, na hau bayan wanit da burodina a cinya.

Washegari da safe na sami Abu Nasir a gindin dabinon nan. Na ajiye kube da abin da ke cikinsa a kan darduma. Na ce, "Ya ammi, ga amanarka. Ba zan ƙara ɗauka ba."

Ya fara zancen rahoto da sata. Na ce ya kai. Ba jarumta ba ce. Tsoron ne ya ƙare mini jiya a bakin ƙofa, ban da saura. Ya dube ni, karo na farko ina jin ya ga fuskata. Ya ce to ba shi da amfani da ni, zai buga mini fita, in koma inda na fito in ci ƙasa.

Sannan idonsa ya sauka kan kuben. Bai taɓa ganinsa ba. Ya bushe cikin dare, ya yi kyau, ja kamar garwashi. Ya ɗauka, ya shafa, ya shiga ɗaki. Ya fito yana juya kafaɗa, yana sunkuyawa, yana duba gefensa a madubin mota. Farar rigarsa ta kwanta lif.

Ya ce, "Bakur, kai shaiɗani ne! Wallahi kamar babu komai. Wannan nawa ne."

Na buɗe baki. Na tuna saman soron Jidda, da silifas, da abin da ya ce zai faɗa in an kama ni. Na rufe bakina.

Ba a daɗe ba takardu suka fito. Na roƙe shi abu ɗaya, ya bi da ni ta Harami in yi sallama, tunda yanzu ba komai a jikina. Ya ce ba shi da lokaci. Baba Inuwa ma ban samu na yi masa ban kwana ba, kuma ban sake jin labarinsa ba. Rigarsa na sa na dawo gida.

Abu Nasir ne ya kai ni tashar motar Jidda, da tsakar rana, iska kamar daga bakin tanda. Sai da na zauna ya zagayo ta taga, ya ɗaga hannun hagu ya miƙo mini fasfo. A ƙarƙashin hammatarsa na ga jan ɗigo, ƙarami, bai fi ƙwayar dabino ba. Tsakanin tashar da Awali akwai shinge.

Ya ce, "Me kake kallo?"

Na ce, "Ba komai, ya ammi. Fi amanillah."

Yadda suka ƙare ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Shi ɗan ƙasa ne, yana da dangi, ƙila da gahawa aka sallame shi.

A nan unguwa Alhaji ake ce mini, wai na zauna a Madina. Uwata, Allah ya jiƙanta, ranar da na dawo ba ta tambayi tsaraba ba. Ta kama hannuna ta ce, "Garba, ka isar mini da gaisuwata?"

Na ce, "Inna, na kai har bakin ƙofa."